Godiya ga shagon kwamfutar da ya koya mini saka hoto a cikin wasiƙa

Assalamu alaikum.

Zuwa ga Malam mai shagon kwamfuta da buga takardu da ke kusa da marinarmu, tare da yaran shagonsa.

Na riga na zo na yi muku godiya baki da baki, amma raina bai kwanta ba, don abin da kuka yi mini ya fi ƙarfin godiyar bakin ƙofa. Yabon gwani ya zama dole, shi ya sa na rubuta wannan inda jama'a za su gani. Ban saka suna ba saboda Malam ya nuna ba ya so, sai dai 'yan unguwa sun san shagon da nake nufi.

Ni marini ne. A Ƙofar Mata na tashi, marinar da ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, kuma baba da toka da kanwa su ne abokan aikina tun ina riƙe wa mahaifina gefen zane. A da mai saye da ƙafarsa yake zuwa, ya ɗaga zane ya duba shi a rana, ya shafa, ya ce wannan nawa, ka faɗa masa. Yanzu baƙi sun ragu, ciniki ya koma na saƙo. Mutanenmu na gida WhatsApp ya ishe su. Masu shaguna na ƙasashen waje kuwa imel suke so, don su sami hoto da farashi da adadi a rubuce wuri guda saboda lissafinsu.

A nan na yi asara. Wata mai shago a Faransa ta nemi in nuna mata irin ɗaurin da nake da shi. Na ɗauki hoto goma sha biyu da waya, na rubuta jeri a saman wasiƙa, na ɗaya kaza, na biyu kaza, har zuwa na sha biyu, kowanne da farashinsa. Sai na danna alamar ɗan ƙarfen nan na maƙale takardu, hotuna suka taru can ƙasa, kowanne da sunan da waya ta ba shi, lambobi zalla. Da na ga sun yi nauyi, na raba su gida biyu, shida a wasiƙar farko, shida a ta biyu. Ta amsa cewa tana son na huɗu, guda ashirin. Na huɗu a jerina mai zobe-zobe ne, shuɗi mai duhu sosai. Ashe ita wasiƙa ta biyu ta fara buɗewa, ta ƙirga hotunan da ke ƙasa, nata na huɗun mai layi-layi ne mai haske. Mako uku muka yi, mata suka yi ɗauri, muka tsoma muka fitar ya sha iska muka sake tsomawa, aka shanya, mabuga suka buga har ya yi ƙyalli. Kaya suka isa, ba su take so ba. Kuɗin da ya tafi ya yi mini ciwo, amma abin da ya hana ni barci shi ne kada matar nan ta ɗauka da gangan na sauya mata kaya. Ɗan kasuwa ba shi da jarin da ya wuce yarda.

Takardar kaya na zo bugawa shagonku ran nan, ina ba wani maƙwabci labari, sai wani matashi daga cikin yaranku ya juyo ya ce, "Baba, in ba damuwa, buɗe mini wasiƙar in gani." Bai yi dariya ba, bai kuma karɓe linzamin kwamfutar daga hannuna ba. Kujera ya ja mini, ya tsaya a gefe.

Abu na farko da ya gano ni ban taɓa sanin yana nan ba. A ƙasan akwatin da ake rubuta wasiƙa a Gmail akwai ɗigo uku, a cikinsu akwai zaɓin zallar rubutu, kuma nawa a kunne yake, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ya ce muddin wannan na kunne, wasiƙa haruffa kawai take ɗauka, ba launi, ba babban baƙi, ba hoto a tsakiya, duk abin da ka haɗa sai ya koma ƙasa. Na kashe da hannuna. Sannan ya nuna mini cewa kusa da ɗan ƙarfen maƙale takardu akwai wata alama dabam mai siffar hoto. Ita ake dannawa, kuma kafin a ɗora hoton akwai zaɓi biyu, ko ya zauna cikin jikin wasiƙa ko ya tafi a maƙale. Hanya mafi sauƙi ma, ka ajiye 'yar sandar rubutun nan mai ƙyaftawa a daidai layin da kake so, ka jawo hoton da linzami ka sake shi a wurin. Na rubuta "Lamba 4, mai zobe-zobe, shuɗi mai duhu, yadi biyu," na jawo hoton, ya zauna daram a ƙarƙashin rubutun. Na daɗe ina kallonsa. Daidai yake da in ɗora hannu a kan zane a gaban mai saye in ce wannan ne, ga kuɗinsa.

Muna cikin haka aka ɗauke wuta. Kafin a tayar da janareta, Malam, ka zo ka zauna tare da mu, kuma bayanin da ka yi a ɗan lokacin nan shi ya sa abin ya zauna mini a kai, ba haddar dannawa kawai na yi ba. Ka ce asalin imel don rubutu aka yi shi, bai san hoto ba, sai a 1992 wasu masana biyu, Nathaniel Borenstein da Ned Freed, suka fitar da tsarin da ake kira MIME, wanda ya ba wasiƙa damar zama ƙunshi mai sassa da yawa. Hoto ko a tsakiya yake ko a ƙasa, duk a cikin ƙunshin nan yake tafiya. Bambancin ɗan rubutu ne da ido ba ya gani, wanda ke gaya wa manhajar mai karɓa ta nuna shi a ciki ko ta ajiye shi a gefe. Idan na ciki ne, ana ba shi lambar shaida, jikin wasiƙar da aka tsara da HTML, wato yaren da ake tsara shafukan intanet da shi, ya kira lambar a daidai gurbin da aka tanada. Na gane wannan nan take, don haka muke yi wa zanen mutane alama a gefe kafin ya shiga rami, in ba haka ba bayan ya fito duk shuɗi ne, ba ka san na wane ba.

Ka kuma warware mini zancen nauyi. Kafin hoto ya bi hanyar imel sai an mayar da shi haruffa, kuma wannan na ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Gmail na tsayawa a megabait 25 ga wasiƙa guda, hotunan wayata kuwa kowanne ya kai megabait 3. Da aka dawo da wuta, yaron ya koya mini rage su kafin in saka, kowanne ya koma kusan kilobait 300, kuma zaren ɗaurin bai ɓace ba, ana ganinsa sarai. Sha biyun nan da suka raba mini wasiƙa biyu suka shige ɗaya, har da sauran wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai bar ni na tashi ba don kawai abu ya yi kyau a allonmu. Ya ce, "Baba, abin da ka gani ba lallai shi za ta gani ba." Ya sa na tura wasiƙar zuwa adireshin shagon, muka buɗe a Outlook, wata manhajar imel, a wata kwamfutar, muka buɗe a wayarsa, muka buɗe a tawa. A ɗaya daga ciki hotunan sun fito a tsakiya, sun kuma sake fitowa a jere a ƙasa, ya ce wannan ba matsala ba ce, wasu manhajojin haka suke yi. Ya gargaɗe ni kada in riƙa kwafo hoto daga wani shafi na intanet in liƙa, domin sau da yawa adireshin hoton ne kawai ke shiga wasiƙar, shi hoton yana can inda yake. Irin wannan Outlook kan toshe shi har sai mai karɓa ya ba da izini, kuma da dalili, tunda masu talla na ɓoye ɗan mitsitsin hoto don su san wanda ya buɗe saƙonsu da lokacin da ya buɗe. Hotona in ɗora shi daga na'urata, ya tafi tare da wasiƙar. Sannan ko da yaushe in rubuta lamba da bayani da kalmomi kusa da kowane hoto, in kuma sauya wa hoton suna ya dace da lambar, ta yadda ko ya faɗa ƙasa a wurin wani, ba za a sake ƙirga na huɗu ta hanya biyu ba.

Malam, na san yadda wasu ke yi da irin wannan sani. Su gyara maka ba tare da ka ga yadda aka yi ba, gobe ka dawo ka sake biya. Ku da kun yi haka da kun same ni kullum, don kusan kowane mako sai na aika hotuna. Amma yaronka sau uku ya sa na maimaita da kaina yana tsaye, har ya tabbata na iya, ya rubuta mini matakan da Hausa a bayan takarda. Da na tambayi kuɗi ka ce in biya na takardar da na buga kawai. Na matsa, ka ce in kai wa iyali. Takardar tana nan cikin aljihun rigar aikina, har ta ɗauki shuɗi a gefe.

A daren ranar na rubuta wa matar Faransa sabuwar wasiƙa, na ba ta haƙuri, na jera zane sha biyu kowanne da hotonsa a ƙarƙashin lambarsa. Ta amsa ta zaɓi lamba 10, wato mai layi-layin da take nufi tun farko, ta ƙara da lamba 7, ta kuma ce za ta riƙe masu zoben da suka je mata bisa kuskure. Na koya wa marina biyu da ke ramin kusa da nawa, ɗaya ma ya riga ya zo shagonku da ɗansa.

Allah Ya sanya albarka a shagon nan, Ya ƙara buɗi, Ya raya yaran da kake koyarwa, Ya saka wa iyayen matashin nan da alheri. Akwai yadi biyar na shuɗi mai duhu da na ware, yana wurin mabuga, ranar Asabar in Allah Ya yarda zan kawo shi da kaina, kuma wannan karon ba zan koma da shi ba.

Naku,
Wani marini daga Ƙofar Mata, Kano