Yayar mijina ta ce ni na lalata wa ɗanta karatu

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya iyali? Don Allah a sakaya sunana da na makarantar da nake aiki, ko da yake na san in aka karanta wannan wasiƙa akwai waɗanda za su gane. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a nan Birnin Kebbi, ina riƙe da ajin nazare na ƙarshe, masu shirin shiga firamare. A kwalejin ilimi ta Argungu na yi NCE ɗina. Wallahi tun da abin nan ya faru ban yi barcin kirki ba, abinci ma tura shi kawai nake yi.

A taron iyaye da malamai ne yayar maigidana ta miƙe a gaban jama'a. Ɗanta a ajina yake. Ta ce, "Ni dai ban san mi yarinyar ga ta ka koya ma ɗiyanmu ba. In an gwada mashi A sai shi ce a, awa Hausa. Mu don Turanci munka biya kuɗi." Yarinyar ga, Anti! Ni da nake matar ƙanenta, uwar 'ya'yansa. Wasu iyaye suka yi dariya, wasu suka ce su ma sun lura nasu ba sa waƙar ABCD kamar yaran wasu makarantu. Mai makaranta yana zaune bai kare ni da kalma ɗaya ba, abin da ya ce kawai shi ne za a duba. Alhali shi ya tura mu bitar koyon wannan tsarin, shi ya rubuta a takardar talla cewa makarantarsa tana koyar da karatu ta hanyar sauti.

Bari in yi miki bayani, don kar ki ɗauka ban san aikina ba. Kowane harafi na Turanci yana da suna, yana kuma da sauti. Yaron da ya haddace si, ei, ti, ko ya kwana yana maimaitawa ba zai fitar da cat daga cikinsu ba. Amma in ya san k, a, t, ya ja su ya haɗa, kalmar za ta fito da kanta daga bakinsa. Ko a makarantar allo ai yaro ba ya karatu da babbaƙu kaɗai, sai ya shiga farfaru, ya san wasalin sama da na ƙasa da rufu'a, sannan bakinsa yake buɗewa. Ita yayar tamu kanta ta yi allo, ta san haka. Kuma ba ni na ƙirƙiro tsarin ba. Jolly Phonics ne, daga Ingila ya zo, sautuka 42 ake koyarwa duk da haruffan Turanci 26 ne, ana farawa da s, a, t, i, p, n, saboda da waɗannan shida kaɗai yaro zai iya karanta sat da pin da tap. Kowane sauti da motsin da ake yi masa. Na a, yaro yana tafiyar da yatsu a damtsensa kamar tururuwa na hawa. Na e, fasa ƙwai. Na i, gashin bakin ɓera. Na o, kunna makunnin wuta da kashewa. Na u, buɗe lema. Sunayen haruffan suna zuwa daga baya, ban taɓa cewa ba za a koya ba.

To inda gizo yake saƙa shi ne gajerun wasulan nan biyar. Baƙaƙe ba su cika ba mu wuya ba, in ban da p da yaranmu suke mayarwa f, wani ma f ɗin ya mayar da ita hw irin ta gida. Amma a da e da u, nan ne ake shan fama, kuma ba ɗanta kaɗai ba, kusan rabin ajin. Mu wasali biyar gare mu, kowanne da dogo da gajere, kuma yaron Bahaushe ba sai an koya masa bambancin garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo da shi ba, kunnensa ya riga ya sani. Turancin Ingila kuwa yana da sautin wasali kusan 20, an cusa su a haruffa biyar. Gajeren a ɗinmu ya fi kusa da u ɗin da ke cikin cup da bus, shi ya sa muke cewa bas. Sai yaro ya ji cap da cup abu ɗaya ne, bad da bed da bud duk ɗaya. Wannan laifina ne? Ni na halicci harsunan?

Kuma ba zama na yi na naɗe hannu ba. Murafan kwalaben lemo nake tsinta, in wanke, in rubuta harafi a kan kowanne da maka, wasula da ja, baƙaƙe da baƙi. Sai in ajiye h da t a bar gurbi a tsakiya, yaro ya riƙa sauya jan murfin: hat, hit, hot, hut. Ina sa su ɗora bayan hannu a ƙarƙashin haɓa su ji yadda take sauka sosai a kan a, ta sauka kaɗan a kan e, a kan i kuwa da ƙyar take motsi. Madubin jakata ma na sadaukar, suna karɓa bi da bi suna kallon bakinsu. Da kuɗina na sayi faifayi na zuba rairayi suna rubutu da yatsa, makaranta ba ta ba ni ko sisi ba, ga albashin ma sai wata ya yi nisa ake gani. Shi wannan yaron da ake cewa na lalata, da kansa ya haɗa p, o, t, ya ɗan yi shiru, sai ya ɗago da ƙarfi ya ce, "Anti, tukunya!" Akwai yarinyar da babanta ya zo har makaranta yana godiya, wai suna kan mashin ta karanta masa rubutun Hausa da ke bayan wata mota. Shi wannan bai samu zuwa taron ba, waɗanda suka zo kuma ba wanda ya tuna da irin wannan.

Na manta ban faɗa miki ba, yayar mijin nawa ce ta samo mini aikin. Mai makarantar abokin mijinta ne. Tun daga ranar kuwa take goranta mini, duk taron suna ko biki sai ta sako zancen. Dama can ba ni ta so ƙanenta ya aura ba, akwai wata 'yar ƙawarta, amma wannan dogon labari ne. A zangon da ya wuce yaron bai shiga sahun farko ba, ta aiko mini da saƙo ta bakin surukata cewa ai ɗan gida ne, a duba masa. Na ce ba zan ƙara wa kowa maki ba, ko ɗan cikina ne. Ina jin daga nan ta ƙulle ni. Ba ta gaya wa iyaye cewa kusan kullum sai an gama darasin farko ake sauke shi a ƙofa ba, darasin sauti kuma shi ne na farko, lokacin da ƙwaƙwalwar yara take a sake.

Sannan akwai wata malama da aka ɗauko bara, ita yayar tamu ta ɗauka tana yi wa yaron lesin da yamma. Ba na son in ɗauki alhakinta, amma tun zuwanta idonta yake kan ajina, don ajin ƙarshe iyaye sun fi kula da malamarsa. Ita daga kudu ta zo, can kuma cup ɗin nan kop suke cewa. Ban ce nawa ya fi nata ba, kowa da inda harshen gidansu ya ja shi. Amma ki duba halin da yaro yake ciki: da safe in ce masa abu, da yamma a ce masa wani, da dare a miƙa masa waya ya kalli katun na Amurka, su kuma hot ɗinsu ta fi kama da hat a kunnenmu. Yanzu in na ce ya rubuta cut, wata rana cat zai rubuta, wata rana cot. A lesin ɗin ma ba abin da suke yi sai waƙar ABCD da kwafar shafi guda. Uwar na ganin littafi ya cika sai ta ce ga malama. Kuma wa ya gaya mata ina yi wa yara bayani da Hausa a aji, ita da ba ta taɓa leƙowa ba? E, ina yi. Yaro ɗan shekara biyar da bai san ma'anar bud ba, da me zan fahimtar da shi? Su kansu hukumomin ba su tsaya wuri ɗaya ba, a 2022 gwamnatin tarayya ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 ta ce ta soke, mu da ke gaban allo mu ake bari da iyaye.

Akwai wani abu kuma da ya fi duk wannan tsaya mini a rai. Yaron nan in ina magana yakan juyo da gefen fuskarsa guda, kuma in na koma bayan aji na kira sauti, shi ne na ƙarshen ɗaga murfi, sai ya kalli na kusa da shi tukuna. Da hunturu na ga ruwa yana fita daga kunnensa na hagu, ni na goge masa da hankicina. A bita an gaya mana yaron da kunnensa ya toshe da ruwa yana iya jin magana, amma ƙananan bambance-bambance irin na pen da pin su wuce shi. Na sami uwarsa a ɗakinta, mu biyu, cikin ladabi na ce, "Yaya, da an kai shi asibitin Sir Yahaya an duba kunnen nan." Sai ta ce wato kurma na mayar mata da ɗa don in rufe gazawata. Ba a jima ba aka yi taron. Har yau ba a kai shi ba, man zaitun suke ɗiga masa.

Maigidana ya ce in yi haƙuri, yaya uwa ce, in shirya ya kai ni in ba ta haƙuri a gaban Inna. Haƙurin me zan bayar, Anti? Ya ce in ma aikin ne zai raba shi da 'yan'uwansa gara in ajiye. Ban gaya masa zancen kunnen ba, don na san za a ce ina neman hanyar ramawa. Surukata kuwa tun ranar gaisuwata da ka take amsawa.

Shawarar da nake nema, da farko na so in tambaya ko akwai wata dabara da ta fi tawa ta raba wa yara a da u, ko cikin masu sauraro akwai malaman da suka wuce wannan matsala. Amma ko an ba ni dabarar ban san ko ajin zai kai zango mai zuwa a hannuna ba, don na ga mai makaranta ya kira waccan malamar ofis sun daɗe. In koma waƙar ABCD don iyaye su ji daɗi, alhali na san yaran sun fara karatu? Ko in je in durƙusa ɗin, a zauna lafiya, in ci gaba da abin da nake yi a ɓoye? In na ajiye aikin za a ce dama ban iya ba. Kuma yaron nan kawunsa ne mijina, in na ɗauke shi da kaina na kai shi asibiti bayan an tashi ba tare da uwarsa ta sani ba, na yi laifi a addini? Don ni abin da nake gani ke nan zan yi ranar Litinin, sai dai in kin hana ni.

Taki,
wata malama daga Birnin Kebbi