A daina manna kan sarki da gam da salatif

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin jan hankalin matasan da suka gaji tsofaffin kan sarki a akwatunan iyayensu. Yana yi mana ciwo mu ga ana manna su a littafin makaranta da gam ko salatif. Salatif in ya tsufa yakan rine, maiƙonsa ya ratsa takardar, kuma ba ya fita har abada. Kan sarkin Arewacin Najeriya na 1900 mai hoton Sarauniya Biktoriya ya fi ƙarfin irin wannan riƙon.

Abin da ya dace shi ne rigar roba, wato zirin roba mai fuska garau da baya baƙi, wanda ake yanka daidai kowane kan sarki. Iri biyu ne: samfurin Hawid a buɗe yake ta sama, samfurin Showgard kuwa tsagarsa a tsakiyar baya take. Lambar da ke jikin fakiti tsayin kan sarkin ne a milimita, ba tsayin rigar ba. A auna daga bakin haƙoran sama zuwa na ƙasa, wato ƙananan tsinin da ke gefen kan sarkin. In awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, a ɗauki babbar, domin matsattsiyar riga tana lanƙwasa haƙora.

Wajen yanka ne aka fi ɓarna. A auna faɗin kan sarkin a ƙara milimita 4, biyu kowane gefe. Mai hali ya sayi ƙaramin injin yanka mai rula da abin tokarewa, ya saita shi sau ɗaya ya yanka goma iri guda. Wanda ba shi da shi, sabuwar reza da rular ƙarfe da faffaɗan gilashi sun wadatar. A danne rular sosai, a ja rezar sau ɗaya. Dakushasshiyar reza tana tsatstsage bakin robar, almakashi kuma ba ya miƙewa. Kada a taɓa yanka da kan sarkin a ciki, ko da hannu ya saba. Zamewa ɗaya ta isa ta ɗebe haƙori biyu, darajarsa ta tafi.

Shafin kundin da za a jera kan sarkin kuma a nemi takarda mai kauri, mai nauyin giram 120 zuwa 160 a kowace murabba'in mita, wadda ba ta da asid, domin mai asid ita ce ke yin ja tana shafa wa abin da ke kanta. A zana akwatunan da za a manna rigunan a ciki a kwamfuta, kowane ya ɗara rigar da milimita 1, a bar santimita 2.5 a hagu saboda huji. A fara gwada bugawa a takardar banza a auna da rula, don firinta takan rage girman shafi ba a sani ba. Fuska ɗaya kawai ake amfani da ita.

Sai mannawa. Bayan rigar yana da gam nasa, danshi kaɗan yake so. A taɓa auduga mai ɗan laima a gefen sama kawai, ba da harshe ba, a manna rigar babu komai ciki, a jira ta bushe, sannan a zura kan sarkin da hantsaki mai faffaɗan baki. In ruwa ya yi yawa, ta tsagar baya yake shiga ya jiƙa gam ɗin kan sarkin ya liƙe shi da robar.

A tsayar da kundin tsaye a kan kantar littattafai, nesa da bango, kada a jibge shi a kwance, don nauyi da laimar damina ne ke haɗe shafuka su kawo ɗigon tsatsa. A riƙa buɗe shi yana shan iska. Da hunturu kan sarki yakan nannaɗe. Kada a miƙe shi da ƙarfi, gam ɗinsa zai tsage.

Wassalam.

Wasu masu tara kan sarki, Kaduna