Kada Ka Bar Mutumin Nan Ya Tafi

Ɗana,

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Labari ya iso mini, kuma ba daga bakinka ba, wai kun saɓa da babban jami'in gudanar da ayyukan kamfaninka, har kana cewa kujerar ɓarnar albashi ce, kai ma za ka iya haɗa ta da taka.

Allah ya ba ka hangen nesa da iya magana, masu zuba jari suna jin ka sai su saki kuɗi. To amma wa ke tsayawa albashi ya fita ranar da aka ce? Wa ya san abin da ya rage a sito? In mota ta lalace da kaya a hanya da tsakar dare, wayar wa ke ƙara? Ba taka ba.

Kullum bakinka Steve Jobs. Shi ɗin a 1998 ya ɗauko Tim Cook, lokacin kamfaninsa na kwamfuta, Apple, na tangal-tangal. Cook ya rufe rumbunan ajiya da dama, kayan da kan yi wata guda a jibge suka koma 'yan kwanaki. A 2005 ya hau irin kujerar da kake rainawa, a 2011 aka danƙa masa kamfanin gaba ɗaya. Mai Facebook ma yana da shekara 23 ya jawo Sheryl Sandberg daga Google a 2008, ita ta tsara harkar tallar da ta riƙe su.

Abin da ke hana ni barci shi ne, duk ma'aikatanka jami'in nan kaɗai ke iya duban idonka ya ce a'a. Ranar da ya fita, 'yan amshi za su rage maka, kuma ba za ka ji labarin ɓaraka ba sai ta gama buɗewa. Kana gida lokacin da abin ya sami kawunka, ba sai na maimaita ba. Girman kai ne ke ɗibarka, don an fara yabon jami'in a gabanka! Kun sha cewa ina da tsanani; da na yi shiru wancan karon, da yanzu ina kake?

Ban ce ba ya kuskure ba. Ku zauna ku biyu, ku rubuta abin da zai yanke ba sai ya tambaye ka ba, da abin da yake naka. Sannan ka kira ni ranar Juma'a, mahaifiyarka ma tana son jin muryarka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka