Kod ɗin da mai shi ya bar wa jama'a, ba na oga ba ne

Assalamu alaikum Edita, da fatan ana lafiya, ya aiki. Don Allah a ba ni fili in ɗan yi magana kan wata rigima da ke yawan tashi tsakanin yaranmu masu rubuta manhaja da iyayen gidansu, musamman ƙananan kamfanonin da ke yi wa makarantu da shagunan magani manhajar lissafi.

Yaro zai bar aiki sai oga ya ce duk abin da ke cikin manhajar nan na kamfani ne, in ka ƙara amfani da ko layi ɗaya sai mun haɗu a kotu, alhali wani ɓangare na kod ɗin, wato rubutaccen umarnin da ake gina manhaja da shi, ba oga ya rubuta ba, ba yaron ya rubuta ba, daga intanet aka ɗauko, kuma mai shi tuntuni ya ce ya yafe haƙƙinsa ya bar wa duniya.

Misali mafi kusa shi ne SQLite, wata ƴar manhajar ajiye bayanai da wani Ba'amurke Richard Hipp ya fara a 2000. Tana cikin kowace wayar Android da iPhone, tana cikin Chrome da Firefox, hirarrakin WhatsApp ɗinka ma a cikinta suke kwance. In ka buɗe fayilolinta a saman inda ake sa gargaɗin lauya ba za ka ga gargaɗi ba, addu'a ce, wai Allah sa ka aikata alheri, ka yafe wa mutane, ka raba kyauta. Shikenan. Ka kwafa ka gyara ka sayar, ba wanda zai nemi ko sisi a wajenka. To tamkar rijiyar unguwa ce, in ka ɗebi ruwa ka dama kunu ka sayar kunun naka ne, amma ba ka isa ka sa wa rijiyar kwaɗo ba. Abin da kamfani ya ɗora a kai shi ne ake maganar mallaka, na ƙasan yana nan na kowa har da yaron da ya tafi.

Shi kuma abin da aka ɗora ɗin ma sai an duba takarda fa. A Amurka abin da ma'aikaci ya rubuta a bakin aikinsa na kamfani ne kai tsaye, mu a nan Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 cewa ta yi haƙƙi yana fara zama na wanda ya rubuta ne sai in yarjejeniya ta ce ba haka ba, kuma mu da ake ɗaukar mutum aiki da baki, ka zo gobe ka fara, ina takardar take?

Su ma yaran ba zan ƙyale su ba. Ba duk abin da ka gani a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ba ne aka bar wa jama'a, wanda ba a rubuta masa lasisi ba ma, wato sharuɗɗan amfani da shi, shi ya fi haɗari don mai shi yana riƙe da haƙƙinsa gaba ɗaya, mai irin lasisin da ake kira GPL kuma in ka cusa shi a manhajarka ka raba wa mutane sai ka buɗe naka kod ɗin. Wanda aka yafe za ka ga an faɗa ƙarara, ko an sa masa sanarwar yafe haƙƙi irin CC0 ko Unlicense. Kuma kar ka ɗauki aikin da ka sa hannu cewa na kamfani ne ka watsa da sunan sadaka, ba a kyauta da kayan wani.

Abin da ya burge ni, su masu SQLite ba sa karɓar gyara daga kowa haka kawai, sai mutum ya sa hannu a takardar rantsuwa cewa ya yafe, takardun na ajiye a ofishin kamfaninsu Hwaci. Tunda akwai ƙasashe irin Jamus da doka ba ta yarda mutum ya zubar da haƙƙinsa ɗungurungum ba, har takardar tabbaci suke sayar wa kamfanonin da lauyoyinsu suka nace sai sun ga abu a rubuce.

Roƙona ga masu kamfanoni su riƙa rubuta inda aka samo kowane ɓangare na manhaja, a kuma rubuta wa ma'aikaci matsayin aikinsa tun ranar farko. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa ita ma ta daure ta yi mana wannan bayani da Hausa a rediyo.

Wassalam, daga wani mai rubuta manhaja a Kano.