Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Ba Kowane Katun Ne Na Yara Ba

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara.

Wasiƙar wannan karon a kan katun ce, musamman Batman: Caped Crusader, wanda manhajar kallon fina-finai ta Prime Video ta saki ranar 1 ga Agusta, 2024. Zangonsa na farko kashi goma ne, kowanne kamar minti 25, wato yaro zai iya cinye shi kaf a cikin awa huɗu da ɗoriya, a dare ɗaya.

Da yawanmu mun san Batman tun muna ƙanana. A 1939 ya fara fitowa a mujallar zane ta Amurka, kuma Bruce Timm, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi katun ɗinsa na 1992, yana cikin masu wannan sabon. Wannan sanayyar ce ke sa uba ya hango jarumin a waya ya wuce hankali kwance, alhali labarin ya sauya sosai. An mayar da shi zamanin shekarun 1940, a birnin Gotham da cin hanci ya yi wa 'yan sandansa katutu. Penguin, abokin gabar Batman wanda aka sani namiji, yanzu mace ce shugabar 'yan daba, kuma tun a kashin farko take sa a jefa ɗan cikinta a teku bisa zargin cin amana. Can gaba kuma ana watsa wa lauya Harvey Dent ruwan guba a fuska. Aikin ya yi kyau ƙwarai, amma don matasa da manya aka yi shi. Shawararmu ita ce kada ɗan ƙasa da shekara 13 ya kalla. Katun ɗin Invincible kuwa, shi ma na Prime Video, na 'yan 18 zuwa sama ne, jini ne tsagwaronsa.

Inda ake samun matsala shi ne wajen masu tura fina-finai. Alamar shekaru, irin su 7+, 13+ da 18+, tana kan shafin manhaja ne. Da zarar an sauke fim an tura a memori ko ta Xender, alamar ba ta biyo shi, kuma sau da yawa katun na yara da na manya a wuri guda ake zuba su. Saboda haka a buɗe wayar a duba sunayen, a kalli kashin farko har ƙarshe kafin a miƙa wa yaro. Minti biyar na farko ba sa nuna komai.

Masu amfani da manhajar kuma su shiga saitin kulawar iyaye, su sa lambar sirri, su zaɓi iyakar shekaru, sannan su buɗe wa yaro shafinsa daban. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa, yara na saurin cankarta. A ranakun makaranta kashi ɗaya ya isa, bayan an gama aikin gida, kuma a kashe saitin da ke kunna kashi na gaba da kansa, don shi ke kai yaro ƙarfe ɗayan dare ya zo aji yana gyangyaɗi.

Ƙanana kuma a riƙa nanata musu cewa tsalle daga kan katanga zane ne kawai. Duk wanda saitin ya ba shi wahala, ya zo da wayar ofishin makaranta bayan an tashi, malamin kwamfuta zai taimaka.

Wassalam,
Hukumar Makaranta