Wasiƙar Ƙarshen Oktoba Daga Agege

Agege, Legas
30 ga Oktoba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zafin Jidda, ya kuma aiki? Saƙonka ya iso tun farkon wata, na ga hoton yaran, tubarkalla, babban har ya kusa kamo ka a tsawo. Allah Ya raya mana su. Mu ma nan lafiya lau. Damina na ta ja da baya, amma har shekaranjiya sai da aka tafka ruwa ya hana mu fita kasuwa da wuri.

Ga alkawarin ƙarshen wata na zo cikawa. Wannan karon ka gyara zama, don wuraren kiɗa uku na je cikin wata guda, kuma na rasa wanda zan zauna da shi mu tattauna. Abokan sana'ata in ka ɗauko zancen sai su ce ai ga kiɗa nan cike da waya, me za ka je nema cikin dare? Kai ne za ka gane, tunda tare muka riƙa tsayawa bayan taro a Funtuwa muna ɗage, muna leƙen makaɗan Shata ta tsakanin kafaɗun manya.

Da Ikeja na fara. Duk shekara a makon 15 ga Oktoba, ranar haihuwar marigayi mawaƙi Fela Kuti, iyalansa kan yi bikin tunawa da shi na mako guda, wanda suke kira Felabration. 'Yarsa Yeni ce ta fara shi a 1998, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Ana yin sa a New Afrika Shrine da ke Agidingbi, gidan da ita da ƙanenta Femi suka buɗe a 2000. Shekarun nan da na yi a Legas ban taɓa leƙawa ba, sai bana da maƙwabcina, wani Bayarabe mai gyaran janareta, ya rantse sai na raka shi.

Wurin wata ƙatuwar rumfa ce mai rufin kwano kamar sito, an liƙa hotunan su Nkrumah da Lumumba da Sankara. Da Femi ya hau dandamali da jama'arsa, ga masu busa a jere, ga masu ganguna, ga mata masu rawa da amshi, abin da ya fara kama ni shi ne rashin gaggawarsu. Ganga da jita suka kama zubi ɗaya suka riƙe shi, suna ta maimaitawa, har na fara tunanin ko sun manta da waƙar ne. Ashe jira suke zubin ya zauna a jikin mutane. Sai da kowa ya fara kaɗa kai ba da saninsa ba, sannan masu busa suka faɗo gaba ɗaya kamar 'yan amshi. Wallahi a ƙirjina na ji su kafin kunne.

Can cikin dare Femi ya ɗauki saksofon ya ja sauti ɗaya, ya riƙe shi bai yanke ba. Mutane na ta ihu, ni kuwa kumatunsa nake kallo. Dabarar masu algaita ce sak: ka tara iska a kumatu kana tura ta, kana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda. Nan take hankalina ya koma ranar hawan sallah, mai algaita na gaban dawaki kumatu kamar za su fashe. Ina tsakiyar Ikeja sai ga ƙwalla ta taru min, maƙwabcina yana tambaya ko lafiya.

Na biyun ba zan daɗe a kansa ba, don har yanzu raina na sosuwa. Wani babban zaure ne a Victoria Island, wani matashin mawaƙi da yara ke so. Kuɗin tikiti ya kai cefanen gidana na mako. An rubuta ƙarfe takwas, bai fito ba sai bayan ɗaya na dare. Da ya fito kuma babu makaɗi ko ɗaya tare da shi. Faifansa aka sa a na'ura, muryarsa na fita daga lasifika, shi kuma yana tsalle yana jefa kalma ɗaya ɗaya a kai, rabin waƙar ma miƙa wa jama'a makirfo yake su rera masa. Yaron yana da murya, na san da haka, shi ya sa abin ya fi yi min ciwo. Kafin minti arba'in ya sauka. Ban sami motar dawowa ba sai da aka kira asalatu.

Na ukun shi ne dalilin tsawon wasiƙar nan, kuma ko sisi ban biya ba. A nan Agege aka yi shi, bikin ɗan wani dattijon mahauci da ke aiki a mayankar Oko-Oba. Ka san kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, to dattijon ya ce ba zai aurar da ɗansa da lasifika kaɗai ba, ya aika Arewa aka ɗauko makaɗa. Su huɗu suka zo, uku da kalangu ɗaya da kuntuku, ga maroƙinsu. Aka toshe layi da benci bayan la'asar. Ni kuma na ce wa maƙwabcina yau ranar ramuwa ce, ya sa hula ya biyo ni.

Babbansu tsoho ne siriri, rigarsa ta sha wanki. Bai ce uffan ba. Ya saƙala kalangu a hammata, ya matse, ya saki, ya ɗan taɓa fatar kamar mai gaisuwa. Sai ya juya ya fuskanci wani dattijo da ke zaune a gefe yana jan carbi, ya fara kaɗa masa take. Babu baki a ciki, kalangun kaɗai ke magana. Aminina, da idona na ga carbin ya tsaya. Dattijon ya ɗaga kai, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama yana kirari, muryarsa na rawa. Daga baya aka gaya min taken mahaifinsa ne, wanda ya rasu tun kafin a haifi yawancin waɗanda ke wurin. Makaɗin ya riƙe shi a ka duk shekarun nan, ya kuma gane ɗan a cikin taro, a garin da ba nasu ba. Matan da ke leƙe ta ƙofar gida suka saki guɗa. Ban san lokacin da na tsinci kaina a tsakiyar fili ba.

Maƙwabcina ya matso yana kallon hannun tsohon, ya ce ai wannan ita ce gangarsu ta Yarabawa da suke kira gangan. Gaskiyarsa, ƙira ɗaya ce: baki biyu, tsakiya a tsuke, igiyoyin fata sun haɗa bakin nan da wancan, in ka matse sauti ya hau, in ka saki ya sauka. Da haka take kwaikwayon hawa da saukar muryar mutum. Amma ya ce duk da ya san magana take yi, ko kalma ɗaya bai tsinta ba. Na ce masa Hausa take yi. Ya yi dariya ya ce to tasu Yarabanci take yi, kuma in aka kaɗa kirarin gidansu shi ma haka zai miƙe. Muka daɗe a kan bencin muna wannan hira. A nan ya ba ni labarin kiɗan fuji da ke tashi a kowace danfo, wato motar haya ta Legas, cewa tushensa waƙoƙin da samarin Musulmin Yarabawa ke yawo da su cikin azumi suna tada mutane sahur, kafin marigayi Sikiru Ayinde Barrister, wanda ya rasu a 2010, ya mai da shi kiɗan dandamali. Ya ce kiɗan sakara ma da goge ake yin sa, su suna cewa goje. Shekara nawa ina jin kiɗan nan a mota ina ɗaukarsa hayaniya, ashe da ɗan'uwan namu nake tafiya.

Wani abu da ya canja tun bayan tafiyarka shi ne liƙi. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, kuma tun 2024 da aka fara gurfanar da sanannun mutane a kotu kan haka, jama'a suka shiga taitayinsu. A bikin nan faranti aka ajiye gaban makaɗa, wasu kuma a hannu suke danƙa wa maroƙi ya sanar. Na ɗauka armashin zai ragu, amma ban ga ya ragu ba, kuma tsohon bai sunkuya tsintar kuɗi a ƙasa ba ko sau ɗaya. Hakan ya yi min daɗi.

Sauran abubuwan watan kaɗan ne. Wata Asabar na hau sabon jirgin ƙasan nan daga tashar Agege zuwa Oyingbo, daga can na shiga mota zuwa Freedom Park da ke Broad Street. Tsohon kurkukun Turawan mulkin mallaka ne aka mai da shi wurin shaƙatawa a 2010. Babu wasa ranar, wasu samari ne kawai ke gwajin ganguna a gindin bishiya, na zauna na saurare su har magariba ta gabato. Sai kuma mai shayin bakin layinmu, wanda ya samo tsofaffin waƙoƙin Ɗan Maraya Jos da na Barmani Choge ya zuba a katin waya. Yanzu duk dare bayan isha'i teburinsa cike yake, har 'yan ƙasa da shekara ashirin suna tambaya wai wane irin abu ne kuntigi, ta yaya tsirkiya ɗaya ke fitar da wannan sauti. Da burodin Agege mai zafi da shayi mai kauri, nan nake ƙare yawancin dararena.

Na ɗauki kiɗan tsohon nan a waya, zan tura maka da wasiƙar. Na saurara da na dawo gida, sai na ji kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani, guɗar matan ma ta rufe rabinsa. Duk da haka ka sa a kunne wajen minti na uku, nan ne dattijon ya miƙe. Makaɗan sun ce za su dawo bayan babbar sallah, akwai wani bikin a Idi Araba, na kuma karɓi lambar maroƙinsu. In hutunka ya faɗo a lokacin, ka sauka ta Legas kafin ka wuce gida, ɗaki na nan.

Ka rubuto min naka. Ina son jin yadda Hausawan Jidda ke biki, ko akwai mai kalangu a cikinsu, ko duk an koma na'ura. Ka gaida uwargida da yara, ka shafa min kan autan. In ka shiga Makka ka sa mu a addu'a, musamman Inna da ƙafarta ke damunta.

Wassalam.

Naka amini,
daga Agege