A haɗa bokitin gudun ambaliya tun kafin Agusta

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mazauna bakin kogi da masu gidaje a kwari.

Duk shekara hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwan koguna NIHSA suna fitar da hasashen damina, hukumar agajin gaggawa NEMA ta biyo baya da gargaɗi a rediyo cewa a tashi a koma kan tudu. Madalla. Amma ban taɓa jin an gaya wa talaka abin da zai riƙa a hannu ba idan ruwa ya shigo masa ɗaki da tsakar dare. Mu a Haɗeja mun ga 2022, lokacin da matasa suka riƙa kwana suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga. Mutanen Maiduguri sun ga Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. A irin wannan dare mace takan fito da goyo a baya da tukunya a ka, katin asibiti da takardar gona suna can ƙarƙashin katifa.

Shawarata ba ta wuce bokitin fenti ba, mai murfin nan da ake sayar da fankonsa a kasuwa. Ruwa ba ya shigarsa, ɗan shekara goma zai ɗauke shi, in an isa makarantar da aka tsugunar da jama'a kuma da shi za a ɗebi ruwa. Takardu ne za su fara shiga: NIN, katin zaɓe, shaidar makaranta, takardar fili, a naɗe su cikin leda biyu. Sai tocila, ashana a cikin robar magani, gidan sauro, da ƙaramar waya mai maɓalli wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. A sa 'yan canji ko yaya suke, don mai POS shi ma gudun ransa yake yi. Garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari da dabino ba su neman murhu. Gidan da ke da tsoho mai hawan jini ko ciwon suga, a ware masa maganin mako guda.

Inda aka fi yin sakaci shi ne ruwan sha. Ambaliya tana haɗe masai da rijiya, shi ya sa amai da gudawa ke biyo sawunta. Da yawanmu in sun jefa alif ruwa ya kwanta ya yi garau, sai su ce ya tsarkaka. Laka kawai alif ke kwantarwa, ƙwayar cuta tana nan daram. Ko dai a tafasa, ko a zuba maganin tsaftace ruwa na WaterGuard gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar, a jira rabin awa kafin a sha. A ajiye ƙullin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, da ƙwayar maganin zinc saboda yara. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata guda biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba mara lafiya yana kurɓa har a kai shi wurin ma'aikacin lafiya.

Na san wani zai ce wanda bai samu na tuwon dare ba ina ya ga na bokiti. Gaskiyarsa. To amma ba a rana ɗaya ake cika shi ba, kowace kasuwa a sayi abu guda, yau ashana, wani mako tocila. Rabin kayan ma suna gida, tattarawa ce ba a yi ba.

Roƙona ga limamai da masu unguwanni, su riƙa faɗar wannan bayan sallar Juma'a tun daga watan Yuni. Ku kuma, Malam Edita, ku riƙa buga ma'aunin ruwan gishiri da sukari a ɗan akwati kowane mako har ƙarshen Satumba.

Naku mai karatu,
daga Haɗeja, Jihar Jigawa.